A Daina Ƙwace Littafin Labari Daga Hannun Yara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da 'yan'uwana malamai kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a nan Jos, wato ƙwace littafin labari daga hannun yaro da sunan wai yana hana shi karatun jarrabawa.

Duk wanda ya bi tarihin marubutanmu zai tarar karatu ne ya yi renonsu. Abubakar Imam yana da shekara 22 ya shiga gasar rubutu ta 1933, kuma da aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta Magana Jari Ce, sai da aka tara masa hikayoyin Larabawa da na Turawa ya karance su, sannan ya sake ƙera su da bakin Bahaushe. Haka nan matan da suka cika kasuwar littattafai ta Kano da rubutunsu, da karatu suka fara. Jos ma ba a bar ta a baya ba, domin a nan aka haifi Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya lashe kyautar adabi ta NLNG, wato kamfanin iskar gas na Nijeriya, a 2016.

Mu da muke aji kullum mun san irin yaron da nake nufi. Shi ne mai cusa littafin da bangonsa ya yage a tsakiyar littafin lissafi, idan an fita tara kuma abokai su kewaye shi yana ba su labarin. Ba a jimawa zai fara sauya ƙarshen da bai gamsar da shi ba, daga nan sai ka ga ya cika shafukan baya da nasa labarin, rubutu a karkace, ƙa'ida babu, amma zance na tafiya daidai. Wannan yaron gyara yake bukata, ba bulala ba.

Ban ce kowane littafi ya dace da yaro ba. Uba ya fara dubawa kafin ya yanke hukunci. Jiran gwamnati kuwa ba namu ba ne, tunda ginin hedikwatar ɗakin karatu na ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, ya kwashe shekara da shekaru ba a gama ba. Ina kira ga shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya su ajiye akwatin littattafan Hausa a kowane aji, su kuma ware darasi ɗaya a mako domin karatun labari kawai.

Wassalam.

Wani malamin firamare,
Unguwar Rogo, Jos.