Wasiƙa daga Sakkwato kan aikin rubuta bayanan likitoci

Assalamu alaikum aminina,

Ina gajiya, ina iyali, ya Legas da cunkosonta? Mu nan zafi ya buɗe sosai, kafin azahar ma titi ya yi tsit sai 'yan kabu-kabu. Kowa lafiya, Inna na gaishe ka ta ce ko ka mance hanyar Sakkwato ne.

Na ga saƙonka kan ƙanenka da ke son shiga aikinmu na sauraren muryar likita a mayar da ita rubutu, wai ya ga talla a Facebook ana samun dala daga cikin ɗaki. To bari in faɗa maka yadda abin yake kai kuma ka isar mishi, don na san in ni na faɗa zai ce baƙin ciki nike mishi. Saurin taifin da yake taƙama da shi yana da amfani amma shi ne ƙarami a cikin abin da ake nema, abin da ake biya kunne ne da riƙon amana, wato ka rubuta abin da likita ya faɗa ba abin da kake zaton ya faɗa ba.

Ga yadda dare na yake. Iyafis a kunne, hannu bisa kibod, ƙafa bisa feda a ƙarƙashin tebur, ka taka tsakiya murya ta tafi, ka taka gefe ta koma baya. Likitan can ƙasar waje ya gama tiyata ya gaji, yana magana yana tauna wani abu, bayanshi ana kiran wani a lasifika, ya zo daidai wurin adadin magani sai ya haɗiye ƙarshen kalmar, kuma a Turanci 15 da 50 kusan sauti ɗaya ne in mutum na sauri. Sai ka mayar baya, ka rage gudun muryar, ka sake mayarwa, in har bai fito ba ka bar gurbi ka sa alama likita ya cike da kanshi kafin ya sa hannu. Sababbin shiga kunyar barin gurbi suke ji sai su cike da abin da ya yi kama, wanga shi ne babban laifi a aikin, mai duba inganci zai yafe maka gurbi amma ba zai yafe ƙirƙira ba. Matambayi ba ya ɓata ai. Akwai magunguna masu kama da juna a kunne irin Celebrex da Celexa, na farko na ciwon gaɓɓai ne na biyu na ciwon damuwa, in ba ka karanta sauran bayanin mara lafiyar ka gane mi ke damunshi ba to ka shiga uku.

Sai ƙa'idojin rubutu, nan ne zan daɗe don nan ake kayar da mutane a jarabawar ɗaukar aiki. A Amurka akwai ƙungiyar masu wannan sana'a, AHDI, an kafa ta a 1978 da wani suna kafin a canza mata a 2007, tana da littafin ƙa'ida da kusan kowane kamfani ke bi. Kuma tun 2004 hukumar da ke tantance asibitocinsu, Joint Commission, ta fitar da jerin gajartattun kalmomi da anka hana. Ba a rubuta U a madadin yunit na insulin don a takarda tana iya zama sifili, 4U ta koma 40, sai dai a rubuta kalmar cikakkiya. Ba a rubuta QD ko QOD, ɗaya kullum ɗaya a sha yau a tsallake gobe, harafi guda ne ya raba su. Rabin miligiram 0.5 mg ake rubutawa da sifili a gaba, in ka rubuta .5 ɗigon ya ɓace an ba mutum ninki goma ke nan, haka kuma ba a rubuta 1.0 mg sai 1 mg kawai saboda dalili ɗaya. MS ma an hana don tana iya nufin mofin ko maganiziyam salfet. In ka lura duk dokokin ga ba don ado anka yi su ba, nas ce za ta karanta da tsakar dare tana gaggawa.

Akwai ƙanana kuma da sai hannu ya saba. Sunan magani na asali da ƙaramin baƙi, sunan kamfani da babba, paracetamol da Panadol ke nan, su kuma Amurkawa acetaminophen suke kiran shi wannan maganin dai. Matakin ciwon daji da lambar Romawa, stage III, amma ciwon suga type 2 da lambarmu ta yau da kullum. Mu nan likitocinmu bd da tds suke rubutawa irin na Ingila, wato sau biyu da sau uku a rana, can b.i.d. da t.i.d. ne da ɗigo. Kwanan wata ma tarko ne, 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu, a Amurka huɗu ga Maris. Bayan duk wannan kowane asibiti na da nashi tsarin da zai aiko maka, in ya saɓa wa littafin to na asibiti ake bi ba gardama, wasu ma cewa suke a rubuta kalma da kalma ko da likita ya karya nahawu.

Fayil ɗin mara lafiya kuma takardar shari'a ce, kotu na iya neman shi. Shi ya sa ba a gogewa ba a sa tifes, farin ruwan nan na shafe rubutu, in takarda ce layi ɗaya ake ja bisa kuskuren yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta gyaran, kwanan wata da sa hannu. In na kwamfuta ne kuma likita ya riga ya sa hannu sai dai a yi ƙarin bayani a ƙasa, na farkon yana nan. Maganar sirri kuwa ka ja mishi kunne da kyau don na san shi da surutu a majalisa. Amurka na da dokar HIPAA mai kare sirrin mara lafiya tun 1996, mu ma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya, ga dokar kare bayanai ta 2023 ta zo bisa. Ba tura rikodin ta WhatsApp, ba aiki a kafe na intanet, ba ba wa ƙane aron kwamfutar ya kalli ƙwallo.

Kuɗi kuma bisa layi ake biya, layi ɗaya haruffa 65 a yawancin kamfanoni, sabon shiga yana iya kwana bisa rikodin da gwani zai gama kafin shayi ya huce, don haka watannin farko kuɗin data da na cajin sola ma da ƙyar. Kuma gaskiya kasuwar na raguwa, manhajoji irin Dragon suna mayar da murya rubutu da kansu, aikinmu da yawa ya koma gyaran abin da na'ura ta rubuta kuma kuɗin gyara bai kai na taifin ba, ga 'yan Indiya da Filifin sun daɗe da kama kwangilolin, wasu asibitocin ma ba su yarda bayanansu su fita ƙasarsu ba sam. Cikin satifiket na AHDI akwai RHDS na sababbi, CHDS kuma sai ka yi shekara biyu kana aikin manyan asibitoci. Duk wanda ya ce ya fara biyan kuɗin rajista kafin a ba shi aiki ya rabu da shi.

Ni shawarata ya nemi makarantar koyon adana bayanan lafiya da ke asibitin koyarwa na UDUTH nan gida, ya yi difloma ya samu lasisin HRORBN, hukumar da ke rajistar ma'aikatan adana bayanan lafiya. Asibitocinmu likita da hannu yake rubutu a fayil ko ya shigar a kwamfuta da kanshi, ba kasafai ake ɗaukar mai sauraren murya ba, amma ma'aikacin sashen fayil kullum ana buƙata, kuma sunayen cututtuka da sassan jiki da zai koya can su ne dai zai yi amfani da su in ya samu na waje daga baya.

Ka ce mishi ya same ni gida ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da iyafis mai kyau ba na 'yan talla ba, ina da rikodin na koyo da babu sunan kowa a ciki sai in zaunar da shi mu ga kunnenshi. Ka gaishe da uwargida da yara, ka kuma faɗa min ko za ka zo Sallah don in san ko in aje maka kilishi.

Naka,
Amininka daga Mabera, Sakkwato