Rahoton Ayyukan Shekara: Kwamitin Nazarin Zaren Azurfa da Raunin Ƙuna

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Bana kwamitin nazari na ƙungiyarmu, wadda ta haɗa masu kimiyya da ma'aikatan jinya a Bauchi, ya mai da hankali kan raunin ƙuna da ke ruɓewa. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara lokacin hunturu ya san yadda kaskon wuta da ruwan zafi ke kawo mana majinyata.

Azurfa ba baƙuwa ba ce a asibiti. Tun 1968 Charles Fox na Jami'ar Columbia a Amurka ya fito da man silver sulfadiazine, maganin ƙuna mai ɗauke da azurfa, da ake shafawa har yau, sai dai kullum sai an wanke ciwon an sake shafawa, yaro na kuka, uwa na kuka. Shi ya sa muka shafe zamanmu na wata-wata muna karanta binciken da aka yi kan wata sabuwar hanya ta rufe ƙuna da saƙar zare mai ɗauke da azurfa. Ana narkar da polima, wato sinadarai masu dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa, irin su gelatin ko chitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, a gauraya da ƙananan ƙwayoyin azurfa. Sai a ja ruwan da lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000, ya fito zare da ya fi gashin mutum siranta sau ɗaruruwa. Saƙar da ta taru takan zama madogara ga ƙwayoyin fata su kama su yaɗu, azurfar kuma tana fita sannu a hankali tana lalata bangon bakteriya, wato ƙwayoyin cuta, irin su Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa.

Inda muka fi daɗewa shi ne ma'auni, kuma a ganina nan ne amfanin shekarar yake. Azurfar da ke kashe bakteriya, idan ta yi yawa, takan kashe ƙwayoyin fatar da ake so su tsiro. Don haka muka yanke cewa kada wani mamba ya yi wa jama'a tallar wannan hanya a matsayin maganin da ya kammala.

Mun kuma zagaya makarantun Islamiyya na matan aure da saƙo ɗaya: a sa ƙuna cikin ruwa mai sanyi da ke gudana minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai, a garzaya asibiti.

Injin jan zaren har yanzu ba mu da shi. Kwamitin kuɗi zai kawo ƙiyasin haɗa ƙarami a babban taro mai zuwa, kuma muna roƙon masu bashin kuɗin shekara su biya kafin ranar.

Sakataren ƙungiya