Ɗaliban zane a digiri na biyu suna bukatar karatu a bakin karofi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in bayyana abin da na gani lokacin da nake digiri na biyu a fannin zanen tufafi a wata jami'a ta Arewa, ko masu ruwa da tsaki za su duba.

Mun samu malamai masu ƙwazo waɗanda suka koya mana haɗa launi, tsara zane a kwamfuta da kuma hanyoyin bincike, kuma ina yi musu godiya. Sai dai ban fahimci abin da nake karantawa sosai ba sai da binciken kundina ya kai ni marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A can ne wani dattijon marini ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka da katsi (wato guntun da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini) a cikin rijiya, a bar su kwanaki har ruwan ya nuna, da yadda yake gane ya nuna ta hanyar kallon kumfa da jin warinsa kawai. Ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa ake tsoma ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska sau da yawa kafin shuɗin ya kama. Na karanta wannan a takarda da sunayen sinadarai, amma hannuna bai san shi ba sai ranar.

Abin da ya dame ni shi ne, wannan dattijo ya fito a kundina a matsayin wanda aka yi wa tambayoyi kawai, alhali kuwa shi ne malamin da ya fi koya mini aikin. Kundin kuma yana ajiye a kan kanta, babu marini ko mai ɗinkin aska takwas da zai iya amfana da shi, domin da Turanci aka rubuta shi.

Yawancin masaƙun Kaduna da ɗaliban wannan fanni suke sa ran samun aiki a cikinsu a da, irin su Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka kafa a 1957, sun daɗe da rufewa, saboda haka yawancinmu sana'ar hannu za mu koma.

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke kan takardar naira 20, digirin girmamawa. Ina kira ga jami'o'inmu da su ɗora a kan wannan: su riƙa gayyatar marina da masaƙa da 'yan bugu su koyar a hukumance tare da biyansu haƙƙinsu, su wajabta wa kowane ɗalibi zango guda a wurin sana'a, sannan a riƙa fitar da taƙaitaccen bayanin kowane kundi da Hausa a miƙa wa mutanen da aka yi binciken a wurinsu.

Wassalam.

Wani tsohon ɗalibi,
daga Kano