Manhajar Kyauta Ma Tana Bukatar Masu Yi Mata Yaɓe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wata shawara da ta yawaita a bakin masu harkar kwamfuta a nan Sakkwato tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato ranar da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Da yawa daga kwamfutocin da ke makarantunmu da ofisoshinmu da shagunan buga takardu tsofaffi ne, ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, saboda haka ake cewa a ɗora musu Linux ko FreeBSD ko wani ɗan'uwansu, tunda kyauta ne. Ina goyon bayan wannan shawara ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne yadda masu riƙe da kasafin kuɗi suke fahimtar maganar, domin a wurin mafi yawansu, abin da aka samu kyauta ba ya bukatar ma'aikaci, ba ya bukatar kulawa, kuma babu wani hakki da ya rataya a wuyan wanda ya ɗauka.

Waɗannan tsare-tsare na sarrafa kwamfuta dangi ɗaya ne, kuma kakansu shi ne Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka a 1969. Daga baya malamai da ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka riƙa yi masa ƙari suna rarrabawa da sunan BSD tun daga 1978, kuma daga wannan reshe ne FreeBSD da NetBSD suka fito a 1993, OpenBSD kuma a 1995. Shi kuwa Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, bai ɗauki rubutun Unix ba amma ya bi fasalinsa. Abin da ya haɗa Linux da waɗannan 'ya'yan BSD shi ne asalin rubutunsu a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Mai karatu kada ya ɗauka abu ne da ke nesa da shi: duk wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa ko ɗan acaɓa a garin nan, zuciyarta Linux ce. Na'urar wasan PlayStation 4 a kan FreeBSD aka gina ta, haka ma na'urorin da Netflix ke tura bidiyo da su. Tun daga Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 da suka fi kowane ƙarfi a duniya dukansu Linux suke amfani da shi.

To, wane ne ke kula da su? Wannan ita ce tambayar da nake so shugabannin makarantu da na ma'aikatu su riƙa yi kafin su sa hannu a kan kowace takarda. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa gina katanga aikin lokaci ɗaya ne, amma yaɓe na kowace shekara ne kafin ruwa ya sauka, kuma ranar da aka daina shi, ranar katangar ta fara zubewa, ko da ido bai gani ba tukuna. Haka manhaja take, domin kullum sababbin na'urori na fitowa waɗanda dole a koya mata aiki da su, kullum kuma masu kutse na gano kafar da ba a san da ita ba.

Mu ɗauki FreeBSD. Akwai ɗaruruwan mutane a ƙasashe daban-daban da aka amince su shigar da gyara kai tsaye cikin asalin rubutun, kuma su ne suke zaɓen kwamitin mutum tara duk bayan shekara biyu domin ya jagoranci aikin ya kuma sasanta saɓani. Sabon gyara ba ya zuwa hannun jama'a kai tsaye. Sai an fara sa shi a reshen gwaji da suke kira CURRENT, wasu su karanta, wasu su gwada a na'urorinsu, idan ya kwana biyu bai kawo matsala ba sannan a mayar da shi reshen STABLE, daga can kuma a yanke fitowar da kowa zai ɗora. Akwai jami'in tsaro da tawagarsa waɗanda ke karɓar rahoton ɓaraka a asirce, su shirya faci, sannan su sanar da duniya. Ban da wannan akwai manhajoji fiye da 30,000 da aka shirya domin su yi aiki a kan tsarin, kowace tana bukatar wanda zai riƙa bibiyar sabon fitowarta yana daidaita ta, kuma da yawa daga cikinsu a yau ba su da takamaiman mai kula. Gidauniyar FreeBSD, wadda aka kafa a shekarar 2000, tana biyan wasu ƙalilan albashi daga gudummawar da take tarawa, wasu kamfanoni kuma suna biyan ma'aikatansu su yi aikin, amma kaso mai yawa na masu hannu a ciki suna yi ne da dare ko a ƙarshen mako bayan sun taso daga neman abincinsu.

OpenBSD, wanda Theo de Raadt ke jagoranta daga birnin Calgary na Kanada, ya fi kowa tsauri a kan lokaci. Duk wata shida sai sun fitar da sabo, kuma fitowa biyu na ƙarshe kawai suke yi wa facin tsaro. Ma'ana, wanda ya ɗora shi ya juya baya, bayan shekara ɗaya yana zaune ne a kan tsarin da babu mai toshe masa kafa. Ba rowa ce ta sa suka yi haka ba, hannayen ne ba su da yawa, kuma sun gwammace su kula da kaɗan da kyau a kan su yi alkawarin da ba za su iya cikawa ba. A ganina wannan gaskiya ce da ta cancanci girmamawa.

Akwai wani misali da nake yawan ba ɗalibai domin su gane irin hangen nesan da aikin ke bukata. Tsarin Unix yana lissafa lokaci ne ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma ma'ajin da aka tanadar wa wannan ƙirga a tsofaffin na'urori ba ya wuce 2,147,483,647. Zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, daga nan sai agogon na'urar ya koma shekarar 1901. Duk abin da ya dogara da kwanan wata, daga lissafin albashi zuwa takardun shaidar tsaro, zai rikice. Masu NetBSD sun faɗaɗa ma'ajin a fitowarsu ta 2012, masu OpenBSD kuma a ta watan Mayun 2014, wato shekara 24 kafin ranar ta zo. Aikin ya ci musu wahala sosai domin sai da suka bi manhajoji masu yawa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wani mai amfani da ya ga canji a allonsa balle ya gode musu.

A farkon wannan shekara ta 2014 ɗin ne kuma aikin OpenBSD ya kusa tsayawa saboda kuɗin wutar lantarki. Suna ajiye tsofaffin kwamfutoci iri-iri a kunne dare da rana domin gwada kowane gyara a kansu, kuma kuɗin wutar ya kai kimanin dala 20,000 a shekara. Sai da ɗaya daga cikinsu, Bob Beck, ya fito ya nemi taimako a fili, wani ɗan ƙasar Romaniya ya biya wannan adadi, sauran jama'a kuma suka tara har aka samu kusan dala 150,000. Waɗannan fa su ne mutanen da suka rubuta OpenSSH tun 1999, manhajar da kusan duk mai kula da sabar (kwamfutar da ke ajiye shafukan intanet da bayanai tana ba wasu) a duniya yake shiga na'urarsa da ita daga nesa, wadda Apple da Microsoft duka suka sa a cikin kayansu. Mu da muka san abin da kuɗin wuta da na man janareta ke yi wa ƙaramar sana'a, ya kamata labarin nan ya fi taɓa mu fiye da kowa.

Wata uku bayan haka aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanan da ke kai-komo tsakanin mutum da bankinsa ko akwatin saƙonsa. Kuskuren ya shekara biyu a ciki ba a lura ba, sai daga baya duniya ta ji cewa gudummawar da masu aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Mutanen OpenBSD suka ɗauki rubutun suka fara tsabtace shi da sunan LibreSSL, inda a makon farko kaɗai suka cire layuka fiye da 90,000. Abin da ya faru a watan Maris na 2024 ya fi wannan ban tsoro. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil mai suna xz, wadda mutum ɗaya ya daɗe yana ɗauke da ita har ya gaji. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga sabar masu yawa. Wani injiniya, Andres Freund, shi ne ya lura cewa shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya kai ga fitowar da galibin jama'a ke amfani da ita. Buɗewar rubutun ce ta ba shi damar ganowa, amma ƙarancin masu kula ne ya buɗe wa maƙetacin hanya tun farko.

Ranka ya daɗe, daga nan nake ganin hakki biyu a kanmu. Na farko na cikin gida ne. Na sha ganin ɗakin kwamfuta da ɗan kwangila ya ɗora wa tsari mai kyau, aka yi bikin buɗewa, aka biya shi ya tafi da kalmar sirrin, shekaru suka wuce ba a sabunta komai ba. Duk makaranta ko ma'aikatar da za ta koma Linux ko BSD, to ta rubuta a kasafinta albashin wanda zai kula, da kuɗin data na sauke faci, da horon mutum na biyu domin kada aikin ya mutu ranar da na farko ya samu canjin wurin aiki. Kuɗin lasisin da aka huta biya, a nan ya kamata wani ɓangarensa ya tafi.

Na biyu shi ne mu ma mu sa hannu a aikin, kuma muna da abin bayarwa wanda wasu ba su da shi. Mafi yawan masu rubuta waɗannan tsare-tsare suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet ke gudu, na'urori kuma sababbi ne. Mu kuwa muna aiki da kwamfutocin gwanjo a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu na toshe fanka, wuta na yankewa ana tsakiyar rubuta fayil, sauke gyara kuma na iya katsewa sau da dama kafin ya kammala. Yadda tsari ke farfaɗowa bayan yankewar wuta, da yadda yake rage gudu idan na'ura ta yi zafi, da yadda yake ci gaba da saukewa daga inda ya tsaya, duk abubuwa ne da muke gwadawa kowace rana ko mun so ko ba mu so ba. Abin da ya rage shi ne mu koyi rubuta rahoto mai tsabta: ga irin na'urar, ga fitowar da ke kanta, ga abin da na yi, ga abin da ya faru. Rahoto irin wannan gudummawa ce ta gaske, kuma ba ya bukatar digiri. Haka nan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, idan sun ƙi fitowa daidai a wani allo ko wani rubutu, babu wanda zai lura a Kanada ko Jamus sai mu mun faɗa.

Ina kira ga sassan nazarin kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da su amince ɗalibi ya yi aikin kammala karatunsa a kan gyara na haƙiƙa a ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare. Ɗalibin da ya ɗauki manhaja guda da ba ta da mai kula a FreeBSD ya riƙe ta shekara ɗaya, ko ya gyara kuskure ɗaya har ƙwararru suka karanta suka karɓa, ya koyi abin da lacca ba ta koyarwa: karanta rubutun wani, jure gyara daga wanda ya fi shi, da cika alkawari a kan lokaci. Sunansa kuma zai kasance a tarihin aikin inda duk mai ɗaukar ma'aikata zai iya dubawa da kansa. Akwai ma shirin Google Summer of Code da ake yi tun 2005, wanda ke biyan sababbin shiga kuɗi su yi irin wannan aiki, kuma FreeBSD da NetBSD sun daɗe suna karɓar masu koyo ta hanyarsa. Malamin da ya jagoranci irin wannan aiki shi ma ya dace a lissafa masa shi wajen ƙarin girma, in ba haka ba babu wanda zai ɓata lokacinsa a kai.

Na san za a ce muna da matsalolin da suka fi wannan gaggawa, kuma haka ne. Sai dai abin da nake nema bai kai kuɗin sabon gini ba. Sabar guda ɗaya a harabar jami'a, da sola da batirin da zai riƙe ta, za ta iya ajiye kwafin Debian (wani nau'in Linux) da FreeBSD da OpenBSD tana sabunta shi da dare, yadda kowane ɗalibi da kowane ɗakin gwaji zai sauke daga cikin gida ba tare da ya ƙona datarsa ba. Irin wannan ƙaramin aiki yana cikin abin da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, za su iya ɗauka idan an rubuta musu bukata da hujja, kuma sharaɗin da zan so a sa a takardar shi ne a ambaci ma'aikata biyu da za su kula da na'urar, da kuɗin kulawar na aƙalla shekara biyar, kafin a saki ko kwabo na sayen ta.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Malamin koyar da kwamfuta,
Unguwar Mabera, Sakkwato.