Godiya ga shagon kwamfutar Gumel da ya yi wa ƙungiyarmu adireshin intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam mai shago, da samarin da ke aiki a ƙarƙashinka, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman zoɓo da riɗi ta ƙauyenmu, nan ƙasar Maigatari. A zamanmu na bayan Juma'a dattawa suka ce godiyar baki ta yi kaɗan, a rubuta ta a fili kowa ya gani.

Duk wanda ke harkar nan ya san zoɓon Jigawa ba a gida yake ƙarewa ba. A loda shi zuwa Kano, a wuce da shi tashar jiragen ruwa ta Legas, mai yawa kuma ƙasar Meziko yake nufa. Mu namu noma da tsinka da shanya, ribar kuwa ta dillalai. Da muka fara neman masu saye kai tsaye, sai muka tarar kamfani in ya ga wasiƙa daga adireshin Gmail mai laƙabi da tarin lambobi, ko amsa ba ya yi. Ba mu ga laifinsu ba, 'yan damfara sun ɓata wa kowa suna.

Da muka zo wurinka, Malam, ba kuɗi ka fara tambaya ba. Ka zaunar da mu ka rabe mana abu biyu da muke haɗawa: domen, wato sunan da mutum zai rubuta ya iso gare mu, da kuma masaukin da shafin zai zauna. Kowanne da kuɗinsa, kuma dukansu haya ce ta shekara, ba saye ne na har abada ba. Shugabanmu ya so mai ƙarewa da .com saboda shi ya saba ji. Ka ce ya halatta, amma farashinsa dala yake bi, kowa kuma ya ga yadda naira ta yi tun 2023. Shi kuwa .com.ng na gida ne, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, da naira ake biya, kuma mai saye na gani ya san daga Najeriya kayan suke. Ka kuma sa muka gajarta sunan, aka rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa, tunda mai saye a Legas ba shi da ɗ a allon wayarsa.

Amma abin da ya sa dattawa suka dage a rubuta wannan takarda shi ne rajistar. Da aka zo gurbin sunan mai domen, sunan ƙungiya ka sa, da lambar wayar shugaba, da imel ɗin da yake hannunmu. Yaronka ya juyo wa shugaba allon kwamfutar, ya ce, "Baba, sa kalmar sirrinka da hannunka," shi kuma ya kau da kai yana kallon titi har aka gama. Baba da yatsa ɗaya yake neman haruffa, an ɗauki lokaci, ba wanda ya gaggauta shi. Domen kamar takardar gona ne, wanda sunansa ke jiki shi ne mai ita, ko da wani ne ke nomawa. Mun ga wata ƙungiya a maƙwabta da wani ya yi musu shafi da sunan kansa, ya bar gari, ya sauya layi. Wa'adi ya cika ba mai sabuntawa, adireshin da suka buga a buhunansu ya mutu suna ji suna gani. Kai da ka so riƙe mu ta wannan hanya, wallahi ba za mu gane ba sai bayan shekaru.

Ranar da aka haɗa, shafi ya ƙi buɗewa a ƙauye, shugaba ya kira ka bayan isha'i hankalinsa a tashe. Ka yi masa bayani cewa idan aka nuna wa domen sabon masauki ta saitin DNS, wato abin da ke haɗa sunan da masaukin, labarin yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya zaga ko'ina. Haka kuwa aka yi, ya fara buɗewa a wayar mai wani layi, na kusa da shi shiru, washegari duk suka daidaita. Daga nan ka sa mana ɗan kwaɗon kullen nan na gefen adireshi, alamar shafin yana da takardar tsaro, ka ce takardar tsaron kyauta ce, kada wani ya karɓi ko sisi a kanta. Imel ɗin gwaji na farko cikin tarkacen saƙonni ya faɗa, ka ƙara wani saiti mai suna SPF, na biyu ya shiga inda ya dace.

Hotuna ma ka rage musu nauyi, domin ka san sabis ɗinmu, sai mutum ya hau tudun bayan makaranta. Yanzu shafin na buɗewa ko a ƙaramar data. Zaman jiran wuta a shagon dai mun sha shi, amma wannan ba kai kaɗai ba ne.

Ba mu zama attajirai ba, kada a ce na yi ƙari. Sai dai yanzu idan muka aika wasiƙa ana amsawa, ana tambayar farashi da samfuri. Kuɗin sabuntawa kuma ka ba da shawara mu riƙa biya da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, mun rubuta ranar a littafin ƙungiya, rasit yana wurin ma'aji.

Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya ƙara buɗi, Ya raya zuri'a. A gaida samari.

Naka,
Sakataren ƙungiya, a madadin dukkan membobi