Zuwa ga aminina, kan maganar takardun nan

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirunka ya yi yawa. Na san me za ka ce, aikin dare ne. To ba a karɓi uzurin ba. Akwai shawarar da nake nema wurinka, amma bari in fara da albishir.

Binciken nan namu a kan H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, wadda ta daina jin maganin clarithromycin, ya fito, har wasu sun fara kafa hujja da shi a nasu rubutun. Wannan dai da ka ce in daina kashe idona a kai! Abin da ya fi faranta min rai shi ne saƙon wani likita da ban taɓa gani ba. Ya ce bayan ya karanta, ya duba majinyatansa masu gyambon ciki da ke ta dawowa, ya bar haɗin magani uku mai clarithromycin ya koma na huɗu mai sinadarin bismuth. Ka san ƙa'idar Maastricht ta likitocin Turai ta ce inda bijirewar ƙwayar ga clarithromycin ta wuce kashi 15 cikin ɗari, kada a ba da haɗin ukun sai an gwada ƙwayar. Mutane da yawa ba su san inda yankinsu ya tsaya ba, dalilin aikin ke nan tun farko.

Amma ga abin da ke hana ni barci. Kwamitin ƙarin girma zai zauna, kuma abin da za su fara buɗewa shi ne Scopus da Google Scholar, shafukan da ke ƙirga ambaton takardun bincike, su duba lambar h. Wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005: in kana da takarda goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, lambarka goma ce. Ba ta tambayar wa ya ambace ka, ko yabo ya yi ko ƙaryata ka. Mai tattaro binciken wasu ya yi sharhi a kai yakan fi samun ambato a kan wanda ya tsaya da na'urar leƙa ciki yana ɗebo ɗan nama, yana renon ƙwayar da ke ɗaukar kwanaki kafin ta tsiro, wani lokacin ma ta mutu a hanya. Saƙon likitan nan kuwa babu gurbin da zan sa shi a fom.

Af, Dogo ya bar asibiti ya koma koyarwa ɗungurungum. Har yanzu yana bin ka bashin littafin nan, ya ce in faɗa maka bai yafe ba. Farfesanmu kuma zai yi ritaya, ana shirya masa taro, kada ka ce ba a sanar da kai ba.

Farfesan ne ma ya tuna min da Barry Marshall da Robin Warren na Perth a Ostireliya, likitocin da suka gano alaƙar ƙwayar da gyambon ciki. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya ta ƙi karɓar taƙaitaccen bincikensu, don a lokacin kowa ya yarda damuwa da yawan asid ke kawo olsa. A 1984 aikin ya fito a mujallar Lancet, Marshall ya ɗaga ƙwayar ya shanye don ya nuna tana kumbura ciki. Sai 1994 hukumar lafiya ta NIH a Amurka ta ce a riƙa ba masu olsa maganin kashe ƙwayar, kyautar Nobel kuma sai 2005. Ma'aunin darajar mujallu da ake ta rububi a kai ambaton shekara biyu kacal yake ƙirgawa. Ka auna da kanka.

Ba cewa nake a watsar da lambobin ba, ni ma ina son a karanta ni, ina kuma son sunana ya fito a mujallar Gut wata rana. Ina so dai wani a kwamitin ya buɗe takardar ya karanta ta.

Yara sun girma, ƙaramar ta fara cewa likita za ta zama, irin na Baffa wai, ba irin nawa ba. Ka kira ni ranar da ba ka aiki, maganar ta fi ƙarfin takarda. A gaida mutan gida.

Naka har kullum.