Hukuncin WTO Sai Mai Babbar Kasuwa Ke Cin Moriyarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhinku kan rikicin haraji tsakanin Amurka da Sin, inda kuka ce da a ce kotun Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, na aiki, da ƙananan ƙasashe sun sami inda za su kai kuka. Ina neman ku yi mini afuwa, a nan na saɓa da ku. Ko a lokacin da kotun ke tsaye da ƙafafunta, kashin dankali ake yi.

Ku duba shari'ar auduga. A 2002 Birazil ta kai Amurka ƙara kan tallafin da take ba manomanta, wanda ke karya farashi a kasuwar duniya. Birazil ta yi nasara, Amurka ta yi kunnen ƙashi. Sai da aka ba Birazil izinin ramuwa na fiye da dala miliyan 800, har da taɓa haƙƙin mallakar kamfanonin magunguna da na finafinai, sannan Amurka ta sauko. Amma ba tallafin ta soke ba. A 2010 ta yarda ta riƙa biyan ɓangaren audugar Birazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara, a 2014 kuma aka rufe maganar da dala miliyan 300. Wato ta ci gaba da tallafa wa nata manoman, ta toshe bakin mai ƙara da kuɗi.

To, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali fa, waɗanda suka tayar da wannan magana a taron WTO na Cancun, ƙasar Meziko, a 2003? Manomin da ke tsinkar auduga da hannu a gonarsa, yana jiran farashin da aka yanke a wata nahiya, bai ga ko sisi daga wannan sulhu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dalilin a fili yake. WTO ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. Iyakar abin da take ba wanda ya ci shari'a shi ne izinin ramuwa, galibi ta hanyar ƙara wa kayan abokin rigimarsa haraji. In kasuwarka babba ce, wannan sanda ce mai zafi. In ƙarama ce, kanka za ka buga, don talakanka ne zai sayi kayan da tsada. Antiguwa da Barbuda, wata 'yar ƙaramar ƙasa a yankin Karibiyan, ta kayar da Amurka a shari'ar cacar intanet, a 2007 aka ba ta izinin ramuwar dala miliyan 21 a shekara. Ta riƙe takarda, ba ta yi amfani da ita ba. Da wane ƙarfin?

Tun Disambar 2019 ma sashen ɗaukaka ƙara na kotun WTO ya daina zama, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Abin dariya, Indonesiya ta ci gajiyar hakan: da aka yanke hukunci a 2022 cewa hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel da ta yi ya saɓa ƙa'ida, sai ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a ciki, ta ci gaba da gina masana'antunta. Ta iya yin haka ne don duniya na buƙatar nikel ɗinta.

Saboda haka, in za ku sake rubutu kan gyaran da shugabar WTO, Ngozi Okonjo-Iweala, ke fafutuka a kai, ina roƙon ku tambayi masanan da kuke zantawa da su: in an dawo da alƙalan gobe, kuma Chadi ta kayar da Amurka, wa zai karɓo mata haƙƙinta?

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku